Da wane suna za a kira aikin maƙerin Damargu?

Wani tsohon mushen lakwal a Tanut, wanda ya ajiye alli ya koma rubuta wa jama'a takardu a bakin kasuwa, ya gamu da tambayar da ta so ta gagare shi. Wani maƙerin farfaru, Buzu daga wajen Belbeji, ya kawo masa takardar neman shiga bajen koli a Yamai. Gurbi biyu ne a cikinta, ɗaya « artiste », ɗaya « artisan ». Maƙerin ya ce: « Mushe, wanne ne nawa? »

Mushe ya yi shiru. Ya san kalmomin nan biyu uwa ɗaya ta haife su, wato « art », wadda asalinta na Latin bai wuce iya aiki ba. Rabuwar daga baya ta zo. A 1648 masu zanen hoto da masu sassaƙa na birnin Paris suka kafa tasu majalisa a inuwar sarki, don su fita daga sahun masu sana'ar hannu. Tun daga nan girma ya karkata ga abin da ake ratayewa a bango a yi kallo, abin da ake mora kuwa ya koma baya.

Da ya juya wajen Hausa sai ya tarar ba haka ta yi rabonta ba. Sana'a ita ce abin da mutum ke ci da shi: ƙira, dukanci, saƙa, rini, gini, kiɗa. Gwaninta kaifin hannu ce. Azanci na magana ne. Fasaha kuwa, wadda aka aro daga Larabci inda take nufin iya sarrafa harshe, Hausa ta faɗaɗa ta har ta kai ga zanen bangon Birnin Damagaram da ɗinkin baduku a jikin zabira. Ba wanda ake haifa da ita a matsayin muƙami. Aiki ake dubawa kafin a ba shi wannan suna. Maƙera biyu suna iya zama rumfa guda, a ce wannan yana da sana'a, wancan yana da fasaha.

Amma Mushe bai yaudari kansa ba. Bakin da ke yabon zoben azurfa shi ne ke hana maƙerin auren ɗiya, kuma ɗan kasuwar da zai biya farashin agogon waje ba musu shi ne zai wuni yana taya takobin da aka yi kwanaki ana ƙerawa. Raini ba Bature kaɗai ya kawo shi ba. Ƴaƴan maƙera suna gani, shi ya sa wasunsu ke ajiye masaba su bi motar Agadas. Gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959 ya ba masu sana'a rumfuna a cikinsa, amma rumfa ba ta riƙe yaron da ya ga ana raina ubansa.

Suna linzami ne, in ji Hausawa. Mushe ya sa alama a gurbin « artisan », don haka takarda ke so. Sannan a layin bayanin aiki ya rubuta da Hausa: mai fasahar azurfa.

Maƙerin ya sa aka karanta masa har sau biyu, ya naɗe takardar ya sa a rawani.