Laifi Tudu Ne

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, cikin ƙasar Tibiri. Ni Kirista ne. Yau zan ba ku labarin kuskuren da na yi.

A ranin 2022 ina da ɗalibai 24. A cikinsu akwai wani dattijo, sa'an mahaifina. Kullum sai an yi nisa da karatu yake zuwa. Wata rana raina ya ɓaci. Na ce masa a gaban kowa, "Baba, in ba ku son karatu, ku zauna gida." Samari suka yi dariya. Ashe har surukinsa yana wurin. Dattijo ya tashi, ya ɗauki littafinsa, ya fita. Bai ce komai ba.

Washegari bai zo ba. Abokansa biyu su ma suka daina zuwa.

Ran Lahadi, a coci, aka karanta Matiyu sura 7, aya 1 zuwa 5. A nan Yesu ya ja kunnenmu a kan yanke wa mutane hukunci. Ya ba da misalin mai hangen ɗan haki a idon wani, ga shi kuwa nasa idon gungume ya tokare shi. Sai jikina ya yi sanyi. Na tuna ni ma sau uku na bar ɗalibai suna jirana, na tafi kasuwar Dogon Dutsi ran Juma'a. Ba wanda ya tsawata mini. Hausawa sun yi gaskiya: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da yamma na tafi gidansa. Na tarar matarsa tana kwance, ba lafiya. Shi ne yake ɗebo ruwa a rijiya, shi ne yake ba ta magani. Abin da yake makarar da shi ke nan. Ya ce, "Ɗana, takardar asibiti nake so in iya karantawa, don kada in ba ta magani ba daidai ba." Na durƙusa na ce, "Baba, ku gafarta mini." Ya ce, "Ya wuce, ɗana."

To, kada wani ya ce Yesu ya hana gyara. Malamin da ba ya gyara kuskure ya cuci ɗalibinsa. A Matiyu sura 18, aya 15, an koya mana mu fara samun mai laifi shi kaɗai. A Galatiyawa sura 6, aya 1, Bulus ya ce a yi gyaran da tawali'u. Ni kuwa ban duba kaina ba, ban tambayi dalili ba, na kuma yi magana cikin taro.

Baba ya komo aji. Na nemi gafara a gaban waɗanda suka ji maganata ta farko. Kafin damina ya iya karanta lambobin takardar magani. Amma ɗaya daga cikin abokansa bai komo ba har yau. Bakina ne ya hana shi karatu.

Kai mai gida, ke uwar gida, kafin ku tsawata wa wani, ku fara duba kanku. Ku tambaye shi dalili. Sa'an nan ku ja shi gefe, ku yi masa magana a hankali.