Sandar Akala

Bahaushe mutumin tudu ne, haka aka saba faɗa, har mu da muke zaune a zangunan Gana, teku na jin kiran sallarmu, mun yarda da maganar. Kayan doki babu wanda ba shi da suna a bakinmu: linzami, ragama, sirdi, likkafa, majayi. Amma in aka zo ga jirgin da iska ke turawa, sai harshe ya shiga lalube. Don haka ina neman afuwar masu karatu, zan aro akalar raƙumi in ɗaura wa jirgi, domin sandar da zan yi magana a kanta aikinta ke nan, juya kan abin hawa zuwa inda mai shi yake so.

Jirgin shi ne wanda ake kira katamaran, sunan da ya samo asali daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Tagwayen kwalekwale ne sirara, an haɗa su da ƙarafa biyu, an shimfiɗa tamfol a tsakani, an kafa doguwar sanda mai ɗauke da ƙyallen iska. Namu ƙirar Hobie 16 ce, wadda Hobie Alter na Kalifoniya ya fito da ita a farkon shekarun 1970. Tsawonsa mita 5 da 'yan kai, faɗinsa kusan mita 2 da rabi. Ni da wani aminina muka haɗa kuɗi muka saye shi, ya riga ya tsufa, a hannun wani Bature da wa'adin aikinsa ya cika. Muna ajiye shi a Ada, kimanin kilomita 100 gabas da Ankara, inda kogin Bolta yake sallama da ƙasa ya faɗa teku.

Kowane ɗaya daga cikin tagwayen yana da allonsa na juyawa a baya, wani ƙarfe kuma ya haɗa su don su juya tare. Matuƙi ba ya zama kusa da wannan ƙarfe. Idan iska ta yi ƙarfi sai gefe ɗaya ya ɗaga sama, dole mutum ya koma can baki ya danne shi da nauyinsa, wani lokaci ma ya rataye da waya, ƙafafunsa a gefen jirgi, jikinsa duka a kan ruwa. Daga can hannunsa ba ya kaiwa, sai da sanda. Tamu rana da gishiri sun cinye ta shekara da shekaru, ta fara fitar da zaruruwa masu shiga fata kamar ƙaiƙayi, daga bisani ta tsage a gindi. Sai maganar sabuwa ta tashi, kuma a nan ra'ayina da na aminina suka raba hanya.

Shi idonsa yana kan wadda ake yi da zaren kabon, mai zugewa, a ƙara mata tsawo ko a rage. Ba zan ƙi masa gaskiyarsa ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma sanda marar nauyi tana isar wa yatsu duk abin da ruwa ke faɗa wa allon baya. Zugewar ma tana da amfani, domin a wannan jirgi igiyar ƙyalle tana gaban ƙarfen akala, saboda haka duk sa'ad da za a juya, sai an kewayo da sandar ta baya. Doguwa takan tsoma kai cikin ruwa a wannan lokaci, ruwa ya fizge ta. Sannan ɗansa mai shekara 14 ya fara koyon tuƙi, kuma hannun yaro bai kai na babba ba.

To amma Ada gari ne na yashi. Makullin da ke riƙe sanda mai zugewa murɗawa ake yi, in yashi da gishiri suka shige shi, ko dai ya ƙage ya ƙi motsi, ko ya saki ba sallama. Na farkon ɓacin rai ne kawai. Na biyun kuwa, a ce mutum yana rataye a waje, ya tura sanda don ya kauce wa wani abu, sai ta shige cikin kanta. A tsakiyar kogi abin dariya ne, a jiƙe a hau. Kusa da bakin teku, lokacin da ruwa ke janyewa yana jan komai zuwa inda igiyoyi ke karyewa, ba wanda zai yi dariya, balle in yaron ne a kai. Kabon kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya, ya bar baki mai kaifi. In ta karye, babu mai gyara ta daga Ada har Tema.

Ta alminiyom ita ce mai araha, in ta lanƙwashe a miƙe ta a gwiwa. Aibinta a sama yake. Sandar ƙyallen jirgin nan ta kai mita 8, mafi yawanta ƙarfe ne, kuma a Amurka an yi asarar rayuka sa'ad da irin wannan sanda ta taɓa wayar lantarki, har masu ƙera jirgin suka sauya kan sandar da abin da wuta ba ta bi, suka koma ga akalar zaren gilashi. Wanda ya san yadda wayoyi ke ratsa bakin ruwa da bayan gidajen saukar baƙi a wajenmu ba zai so ƙarfe a hannun ɗansa ba. Kabon ma wuta na bin sa, abin da aminina bai so ji ba. Ko da yake duk sandar da ta jiƙe da ruwan gishiri ba abin dogara ba ce, ɗaga kai a duba sama kafin a tura jirgi shi ne maganin farko.

Muna cikin wannan ja-in-ja na kai tsohuwar sandar wurin kawuna, wanda ya yi shekaru yana fito a Yeji kafin gwiwa ta zaunar da shi a Nima. Bai taɓa ganin katamaran ba, amma ya tuƙa kwalekwale tsakanin kututturan da tafkin ya shanye bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Ya jujjuya ta, bai ko kalli jikinta ba, ya kafa ido a gindin da ya tsage.

Ya ce, “Ɗan nan, sanda ba ta mutuwa a tsakiya. Je ka nemo gora wadda ta ƙosa, ka huda ta dab da gaɓa, ka naɗe wurin da zare.”

Na ce, “Kawu, gora a jirgin Turawa?”

Ya ce, “Ruwan na Turawa ne?”

Maganarsa ce ta mayar da hankalina ga mahaɗin, wurin da sanda ke kama ƙarfen akala, wanda duk gardamarmu ba mu taɓa ambata ba. Iri biyu ne. Akwai na roba mai juyawa ko'ina, yana da daɗin hannu, amma ranarmu tana busar da shi ya tsattsage ta ciki, sai dai a sami wanda aka saka wa igiya a tsakiya, ko ya yanke ba zai rabu ba. Akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai noti. Wannan yana daɗewa, sai dai inda ya haɗu da alminiyom cikin ruwan gishiri yakan ci alminiyom ɗin a hankali, ramin notin ya yi ta faɗi, don haka ana raba su da 'yar roba ana kuma wanke wurin da ruwan daɗi. Wani abu kuma da ya kamata mai irin wannan jirgi ya sani: in akala ta yi nauyi tana jan hannu, sau da yawa allon baya ne bai kulle ƙasa sosai ba, sabuwar sanda ba za ta warkar da wannan ba.

Gorar ta yi mana aiki fiye da zato. Ba ta da nauyi, in ta faɗa ruwa tana iyo, gaɓoɓinta kuma suna ba yatsu wurin kamawa. Amma tana shan ruwa ta bushe, ta sha ta bushe, na san tsagewa na nan tafe. Abin da ta yi mana mafi girma shi ne awo. Mun yi ta rage ta kaɗan-kaɗan, ni in rataya, aminina ya rataya, yaron ya zauna a baki, har muka tsaya a mita 2 da santimita 20, tsawon da ya ishi dogonmu kuma bai cika tsoma kai a ruwa ba.

A kan wannan awo muka daidaita: zaren gilashi, guda ɗaya marar zugewa, mahaɗin ƙarfe, da ƙarin noti biyu. Ta fi kabon nauyi, aminina har yau yana faɗa, ni kuma ba na musu. Jirgin sama ba ya ɗaukar abu mai irin wannan tsawo sai da kuɗi mai yawa, saboda haka wani ƙaninmu da ke Hambug ya cusa ta cikin kwantenar kayan da yake aikowa Tema, tsakanin katifu. Na shafa wa gorar man gyaɗa, na sake naɗe gindinta, za ta riƙe mu har kwantenar ta iso.