Baƙon da ba ya sallama

Da azahar ina gyaran takardun ɗalibai a gidana na Diffa, sai waya ta yi ƙara. Na ɗauka, ashe muryar na'ura ce tana tallar waƙoƙi. Babu sallama, babu gaisuwa.

Uwargida ta ce, "Malam, ka daina ɗaukar baƙuwar lamba." Na kasa. Tun watan Fabrairun 2015, da Boko Haram suka kai wa Bosso da Diffa hari, dangina manoman tattasai na bakin Komadugu sun watse, da wayar aro suke nemana. Ran nan ƙanena ne, ɗansa ba lafiya.

Mai talla gani yake minti guda ya ci mini. Bai san kafin in ɗauka na riga na shirya jin rasuwa ba.