Yadda Autarmu Ta Zama Likita

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani gari cikin jihar Maraɗi. Wata rana da dare, bayan mun gama darasi, wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya tambaye ni: "Malam, su waɗanga likitoci masu farar riga, daga ina gwamnati ke samo su?" Sai na ce mishi: "Baba, daga gidaje irin namu." Ya yi dariya, bai yarda ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba ku labarin ƙanwata, wadda muke kira Auta.

Mu bakwai ne wajen mahaifiyarmu. Babbar yayarmu ta rasu wajen haihuwa a shekarar 2009. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaki. Da anka ce a kai ta gidan likita, sai mijinta ya ce namiji ne ke aiki can, ba shi yarda namiji shi ga matarshi. Da ya yarda, lokaci ya wuce. Cikin amalanke ta cika, tsakanin garinsu da gidan likita. A lokacin Auta tana da shekara 9. Ta ga Inna tana kuka, ta ji abin da mata ke faɗi: "Da mace ce ke can, da an kai ta da wuri." Wagga magana ba ta fita daga ranta ba.

Kafin in ci gaba, bari in bayyana muku wani abu. A ƙauye, duk wanda ya sa farar riga likita muke ce mishi. Amma aikin kashi-kashi ne. Akwai lokotoro, wanda ya yi shekaru da yawa a jami'a. Akwai mai karɓar haihuwa. Akwai kuma mai jinya, wanda ke awo, shi yi allura, shi wanke ciwo, shi ba da magani. Wanda kuke tararwa a gidajen likita na karkara, yawanci mai jinya ne. Yaro ko yarinya da ta yi shekara 6 a lakwal, ta yi 4 a koleji, ta samu takardar BEPC, tana iya shiga makarantar koyon aikin lafiya ta yi shekara 3. Wanda ya samu bak kuma yana shiga mataki na sama. Gwamnati tana da irin wagga makaranta a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, wani mai jinya na ƙasarmu da ya yi suna har cikin sinima, ya rasu a 2009. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu, inda iyaye ke biyan kuɗi.

Auta ta samu BEPC a 2017. A wannan damina mutum biyu sunka aiko neman aurenta. Ƙanen Baba ya zo ya zauna bisa tabarma, ya ce: "Yaya, tsaranta duk suna ɗakin mazansu. Karatun ya isa haka." Baba ya yi shiru. Inna ce ta yi magana daga bakin ɗaki, ita da ba ta saba sa baki cikin zancen maza ba. Ta ce: "Malam, ka tuna da amalanke." Ba ta ƙara komi ba. Baba ya daɗe kanshi na ƙasa. Daga baya ya dube ni ya ce: "Kai ne ka yi boko. In ta tafi birni, amanarta tana wuyanka." Na ce na ɗauka.

Haka Auta ta shiga ɗaya daga cikin makarantun nan. Ta sauka wajen wata gwaggonmu a birni. Duk wata ina cire jika 10 daga abin da nake samu in aika mata. Inna ta sayar da awaki biyu, anka saya mata farar riga, da littattafai, da agogo mai nuna daƙiƙa, don da shi ake ƙidayar bugun jini. In mota za ta birni ranar kasuwa, Inna ta ɗaura gero da ƙuli-ƙuli da kuka ta ba direba.

Karatun ba wasa ba ne. Da safe suna aji, suna koyon sassan jikin mutum da sunayen cututtuka, duk da Faransanci. Bayan ƴan watanni sai a rarraba su asibitoci su koyi aiki da hannunsu. Sabon ɗalibi ba shi fara da allura. Shara yake farawa da ita, da gyaran gado, da wankin kayan aiki, da zubar da fitsarin marar lafiya. Ranar farko da Auta ta ga ana ɗinke ƙafar wani da babur ya kayar, sai jiri ya ɗebe ta, ta faɗi. Da ta farfaɗo, babbar da ke koya musu ta ba ta ruwa ta sha, ta ce: "Tashi ki riƙe mini fitila. Marar lafiya ba shi jiran tsoronki shi wuce." Ta tashi ta riƙe.

Jini bai kayar da ita ba. Lissafi ne ya kayar da ita. A ƙarshen shekarar farko ta kira ni tana kuka, ta ce: "Yaya, na faɗi. An ce in sake aji." Darasin awon magani ne ya fi ba ta wuya. A nan ni ma na yi laifi, kuma ba ni ɓoye muku. Wata guda cur na ɓoye ma Baba. Kullum ya tambaye ni sai in ce sakamako bai fito ba. Tsoro nake ji kada ƙanen Baba shi ce: "Ai na faɗa." Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana bayan sallar isha na durƙusa na gaya mishi gaskiya. Ya ce: "Faɗuwarta ba ta ɓata mini rai ba kamar ɓoyon da ka yi. Wanda ya yi shuka ta ƙi fita, gona yake bari ko sake shuka yake yi?" Da kasuwa ta ci, ya ja ragon da yake kiwo don Layya ya sayar. A wannan shekara ba mu yi yanka ba. Maƙwabta ne sunka aiko muna da nama.

Da Auta ta zo hutu, sai na zaunar da ita kamar yadda nake zaunar da ku. Na ajiye littafinta gefe guda. Na kawo gero da tiya da tsakuwa. Na ce: "In tiya ɗaya ta ciyar da mutum huɗu, mutum biyu fa?" Ta ce rabin tiya. Na ce: "To, haka magani yake. Nauyin mutum shi ne yawan masu ci. Magani shi ne geron." Sai na gane ta san lissafin tun da daɗewa, Faransancin da ya lulluɓe shi ne ke ruɗa ta. Kullum da hantsi muna ƙarƙashin bedi muna yi da Hausa, sa'an nan mu juya da Faransanci. Har lissafin ƙarin ruwa munka yi: in za a ƙara ma mutum rabin lita cikin awa 8, ɗigo 21 ke sauka a minti guda. Ta koma makaranta, ba ta sake faɗuwa ba. Ta fito da takardarta a 2021.

Mu muna tsammani daga takarda sai albashi. Ashe ba haka ba ne. Masu takarda suna da yawa, ɗaukar aiki kuma ba kullum ake yi ba. Shekara biyu Auta tana aikin sa kai a wani gidan likita, ba ta karɓar komi sai ɗan abin sabulu. Masu magana sunka samu abin faɗi: "Ga awaki sun tafi, ga rago ya tafi, ga ɗiya zaune." Ni kaina wani dare na kasa barci, ina tambayar kaina ko na cuce ta. Ita ce ta ba ni haƙuri. Ta ce: "Yaya, hannuna yana koyo. Wanga ba a banza yake ba." A 2023 anka ɗauke ta da kwantaragi, anka tura ta wani gidan likita na karkara, nesa da kwalta.

Cikin watan Agusta na wannan shekara na tafi ganinta. Lokacin masassarar cizon sauro ne, mata da goyo sun cika rumfa tun da asuba. Majo, wato shugaban gidan likitan, ya tafi taro a birni, sai ita kaɗai da mai gadi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare anka buga ƙofa. Wani mutum ne da matarshi, sun kawo yaro ɗan shekara biyu. Jikinshi kamar wuta, yana jijjiga, idanu sun juye. Wutar sola ta ƙare. Auta ta miƙo mini tocila ta ce: "Yaya, riƙe nan, kada ka motsa."

Na ga ta kwantar da yaron bisa gefenshi, ta ba shi abin tsayar da jijjiga. Ta soki yatsanshi ta gwada jini, gwaji ya nuna masassarar sauro ce. Ta ɗora shi bisa sikeli: kilo 10. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa da Hausa: "Kowane kilo uku ne. Uku sau goma, talatin. Kwalba sittin ce. Rabin kwalba ke nan." Hannuna yana rawa, nata ba ya rawa. Ta haɗa maganin, ta nemi jijiya a wannan ɗan ƙaramin hannu, ta samu a karo na biyu. Sa'an nan ta buga waya babban asibiti, ta rubuta takardar tura shi. Motar ɗaukar marasa lafiya ba ta iso ba sai da gari ya waye, saboda ruwa ya cika ƙorama. Duk daren tana zaune kusa da yaron tana duba numfashinshi. Da asuba ya buɗe ido ya nemi nono. Uban yaron, mai furfura a gemu, ya ce ma ƙanwata: "Likita, Allah shi saka miki." Ni kuwa na fita waje, don kada a ga hawayena. Rabin tiya ne na tuna, da inuwar bedi.

Kada ku ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Kwana biyu bayan haka anka kawo wata yarinya da ta yi kwana biyar tana masassara a gida. An yi mata hayaƙi, an ba ta jiƙo, an sayi ƙwayoyi wajen mai talla. Da ta iso, tafin hannunta fari fat, jini ya ƙare. Auta ta yi abin da za ta iya, yarinyar ta rasu kafin mota ta zo. A wannan dare ƙanwata ba ta ci tuwo ba. Ta ce mini: "A makaranta an koya mini allura. Ba a koya mini abin da zan ce ma uwa ba." Da safe ta wanke fuska, ta sa rigarta, ta buɗe ƙofa, don mutane suna jira.

Da zan dawo na tambaye ta: "Mi zan gaya ma ɗalibaina?" Ta ce in gaya muku abu uku. Na ɗaya, in yaro ya yi zafin jiki, a kawo shi ranar, kada a jira gobe. Jijjiga ba aikin iskoki ba ce, yawanci masassara ce ta yi ƙarfi. Tun 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Na biyu, maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida duk wata cikin damina, wanda anka fara a ƙasarmu a 2013, na kwana uku ne. Wanda ya ba da na ranar farko ya bar sauran, bai gama aiki ba. Na uku, ku adana katin awo da na rigakafi, ku karanta ranar da anka rubuta muku ku koma. Awon magani kuwa aikin wanda ya koya ne. Kada kowa shi gwada allura a gida.

Inna tana cikin ajin mata na garinmu yanzu. Abin da ta fara karantawa da kanta shi ne sunan ɗiyarta a jikin takardar makaranta, wadda ke rataye a ɗakin Baba. Ƙanen Baba kuma, da matar ɗanshi ta samu ciki, shi da kanshi ya ce a kai ta awo. Bara anka ɗaura ma Auta aure, kuma tana nan bisa aikinta. Karatu bai hana ta aure ba, jinkiri kawai ya sa.

To, Baba mai tambaya, ga amsarka. Farar rigar nan da ka gani, akwai awakin Inna cikinta, da ragon Baba, da tuwon gwaggo, da haƙurin yarinyar da ta faɗi ta tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna so matanmu su tarar da mace a gidan likita, mai jin harshenmu, mai sanin kunyarmu. Wagga mace ba za ta zo daga wata ƙasa ba. Tana nan cikin gidajenmu, wataƙila ita ce ke daka yanzu, ko ta tafi rijiya. In ɗiyarka tana lakwal tana ƙoƙari, ka bar ta ta kai. In ta faɗi, ka tuna da mai shuka.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Amin.