Garayar Kawu

Na san yawancinku babi na gaba na littafinmu kuke jira, har wata baiwar Allah ta aiko min da saƙo wai na bar amarya a bakin ƙofa mako uku ba ta shiga ɗaki ba. Ku yi min afuwa, amarya za ta shiga in Allah Ya yarda. Yau wani abu ne daban ya tsaya min a rai, kuma na san in ban fitar da shi ba alƙalamin ba zai tafi ba.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye cikin ƙasar Rogo, can wajen iyaka da jihar Kaduna. Maharbi ne a zamanin ƙuruciyarsa, kuma shi ne makaɗin garayar mafarautan yankinsu. Ga yaran yanzu da ba su san garaya ba, itace ne ake fafewa a rufe shi da fata, a sa masa sanda da tsirkiya biyu, ana kaɗa ta da ɗan guntun fata mai tauri. A ƙarshen sandar akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba, wanda ke zuza duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Ku riƙe maganar ƙarfen nan, za mu dawo kanta. Lokacin da nake sakandare a Karaye, da an ba da hutu can nake tafiya, ba don komai ba sai don daren da Kawu zai zauna a zaure ya ɗauko garaya, tsofaffin maharba su kewaye shi, kowa yana jiran a kaɗa takensa ya zabura ya yi kirari. Rabin jaruman da na rubuta a littattafaina a zauren nan na tsince su.

Bayan babbar sallah ta 2022 na je gaishe shi, na roƙe shi ya ɗan taɓa min. Ya taɓa, amma sau biyu fatar kiɗin tana suɓucewa daga yatsunsa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. A hanyar dawowa Karaye na yi ta lissafi a kan babur: mutumin nan ya haura saba'in da biyar, babu ɗansa ko ɗaya da ya gaje shi, kuma babu kaset ko guda da aka taɓa naɗar kiɗansa. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, amma duk mai son jin kuntiginsa yau zai ji. Shi Kawu in ya tafi, shi ke nan, sai dai labari, labarin ma a bakin irina masu ƙarin gishiri.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka kuɗi ne maganin abin. Na ɗauki tsoho a mota har Kano, wani situdiyo da ake yi wa 'yan fim waƙa. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da aka liƙe da soso ko'ina, in ka yi magana a ciki sai ka ji kamar an tura kanka cikin buhun auduga. Yaron da ke kan kwamfuta ya saurara kaɗan, ya ce akwai wata ƙara da ke ɓata masa aiki, a cire ƙarfen nan na kan sanda. Aka cire. Da aka gama ya ɗora kiɗan fiyano a ƙarƙashi, ya zuba abin da suke kira eko, wato amsa-kuwwar inji, har sai da kowace tsirkiya ta riƙa maimaita kanta kamar mai shela a kasuwa. Aka kunna wa Kawu. Ya saurara har ƙarshe da haƙurinsa, sannan ya juyo ya ce min, "Ɗan nan, wannan wane ne yake kiɗa?" Na ce, "Ku ne mana, Kawu." Ya ce, "A'a. Ni dai ban san shi ba."

Ban ga laifin yaron ba sosai. Kunnensa a kan waƙoƙin nanaye ya tashi, a wurinsa amo mai kyau shi ne wanda aka wanke tas aka goge. Laifina ne da na zauna ina kallo aka cire ƙarfen.

Sai na ce to bari in yi da kaina. Na kawo shi gidana a Karaye, ɗakin siminti mai rufin kwano da tayil a ƙasa, na ajiye waya a gabansa. Abin da ya fito kamar ana dukan gwangwanin madara da cokali. Na tura wa wani abokina ta saƙon murya na WhatsApp don ya ba ni shawara, ya ce shi ruwan sama kawai yake ji a kan kwano.

Taimakon ya zo daga inda ban zata ba. Kun san sansanin 'yan bautar ƙasa na jihar Kano a nan Karaye yake, kusa da dam ɗin Kusalla, don haka ba ma rabuwa da kofa-kofa. Akwai wani ɗan kudu da aka bari yana koyarwa a garin, ya kama ɗaki a bayan gidana. Da dare nakan ji wani irin kiɗa yana fitowa ta tagarsa, jita ce ta lantarki, amma amonta kamar ana ɗiga ruwa a rijiya mai zurfi, ga sauri kamar ana yayyafa tsakuwa. Wata rana na kasa haƙuri na ƙwanƙwasa. Da 'yar Hausarsa da ɗan Turancina na sakandare muka fahimci juna.

Ya ce kiɗan masu hawan igiyar teku ne, samarin gaɓar Kalifoniya ta Amurka da ke tsayawa kan allo ruwa yana ɗaukarsu, a farkon shekarun 1960. Na yi dariya na ce, "Kofa, a Karaye? Mu ruwanmu bai wuce dam ɗin Challawa ba, shi ma sai 1992 aka gama shi." Ya nuna min hoton ubangidan kiɗan, Dick Dale, bahago, wanda ya rasu a 2019. Abin da ya kama ni a labarinsa shi ne, dangin mahaifinsa 'yan Lebanon ne, kuma saurin kiɗan nan nasa a kan tsirkiya ɗaya ya samo shi ne daga wani baffansa ko kawunsa da ke kaɗa udu, molon Larabawa. Kiɗansa da ya fi shahara, Misirlou, wanda ya fitar a 1962, tsohon kiɗan gabashin Bahar Rum ne ya ɗora a jita. Na ce ashe kowa da kawunsa.

Sannan ya buɗe min sirrin ɗigar ruwan. Wani ɗan akwati ne, a cikinsa akwai sifirin na ƙarfe dogaye. Amon jita yana shiga ta wannan baki ya girgiza sifirin, ya yi ta kai da kawowa, a ɗauke shi ta wancan bakin yana jan wutsiya. Kamfanin Fender ne ya fitar da irin akwatin a 1961. Ya ɗan shuri nasa da ƙafa, sai ga ƙara kamar tsawa ta faɗo a ɗakin. Ya ce duk wannan dabara ƙoƙari ne na kwaikwayon babban ɗaki, domin shi Dale a wani makeken zauren rawa na bakin teku ya yi suna, sai masu fasaha suka ɗure zauren a akwati don kowa ya tafi da shi gida. Shi kansa in zai naɗi jitarsa sai ya jingine katifa a bango, ya rataya bargo a taga don ya kashe muryar ɗakin simintin, ya kawar da makirfo daga tsakiyar lasifika zuwa gefe, saboda tsakiya tsini gare ta, tana soke kunne. Daga nan ya yi min tambayar da ya kamata a ce ni na yi wa kaina tun farko: "Oga, shi baban naka a ina ya saba kiɗa?"

Ranar wata Asabar cikin Disambar 2022 muka hau babur ni da shi sai ƙauyen Kawu. Abin da ya fara yi ya ba yara dariya: ya riƙa shiga ɗaki-ɗaki yana tafi sau ɗaya yana kasa kunne. A sabon shagon siminti tafin ya dawo da wani zirrr mai kaifi, wai amon ne ke tsalle tsakanin bango biyu masu santsi da ke kallon juna. A ɗakin matar gida mai cike da katifa da labule tafin ya mutu nan take. Da ya shiga tsohon zauren ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara, ga daɓe ga buhunan masara jibge a lungu, ya tafa, sai amon ya dawo sau ɗaya a tausashe ya kwanta. Ya dube ni ya ce nan ne. Ni kuwa kunya ta kama ni, domin zauren da na shekara talatin da sani ne, na tsallake shi na kai tsoho Kano.

Amma kafin a kunna komai sai da aka sha wata rigima. Babban ɗan Kawu, taubashina, malamin Islamiyya ne, kuma ya daɗe da hana kiɗa a gidan. Hujjarsa ita ce garaya kayan 'yan bori ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, kowa ya san da ita ake kiɗan bori. Da yake akwai wasa tsakaninmu na ce, "Malam, ni da kake cewa littattafaina na ɓata tarbiyya, yau ga shi na zo aikin tarihi ka hana?" Bai yi dariya ba. Kawu ne ya raba gardamar. Ya ce taken maharba zai kaɗa, na mazajen da suka yi kwanan daji tare, yawancinsu suna ƙasa. Waɗancan kuwa na bori, ya kaɗa su da ƙuruciya, ya binne su tun da daɗewa, ba mai tono su. Ba zan ɓoye muku ba, ni marubuci ne, waɗancan ɗin na fi kwaɗayi. Na sake taɓo maganar washegari, ya kalle ni kallo ɗaya na bar ta. Malam ya ɗauki buta ya fice, bai ce e ba bai ce a'a ba.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: wayoyi biyu da ɗan makirfo mai waya da na saya a kasuwar Farm Centre. Kofa ya rufe layin wayoyin don kada kira ya shigo, ya sa wata manhaja mai naɗar sauti ba tare da ta matse shi ba, ya kuma kashe abin nan da waya ke yi na rage hayaniya da kanta. Ashe shi ne ya cuce ni a Karaye, domin waya ba ta san garaya ba, da ta ji zuzar ƙarfe da jan wutsiyar tsirkiya sai ta ɗauka hayaniya ce ta yanke. Makirfon muka ɗaura a kan kujerar tsugunno kamar taƙi biyu daga garayar, yana kallon inda sanda ta shiga fata, ba daidai inda hannu ke duka ba. Waya ta biyu muka ajiye a bakin ƙofa don ta ɗauki zauren kansa. Jikan Kawu mai girgiza caki sai da muka tura shi har jikin bango, saboda caki ba shi da kunya, in ya matso sai ya danne kowa. Muka sa Kawu ya doka da iyakar ƙarfinsa sau ɗaya, aka rage har alamar ta daina taɓa ja.

Sauran aikin na Kawu ne da lokaci. Muka jira bayan isha'i, injin niƙa ya yi shiru, masu janareta suka kashe. Hunturu ne, fata ta ɗame, duk da haka sai da ya kanga ta a wuta ya shafa ta da tafin hannu yana ƙwanƙwasawa har ta yi masa yadda yake so. Ya mayar da ƙarfensa kan sanda. Da ya saki tsirkiyar farko na ji tsigar jikina ta tashi. A nan na gane ƙarfen nan da aka kira ƙara shi ne ke riƙe amon a iska bayan tsirkiya ta yi shiru, aikin da Bature ya nemo sifirin ya yi masa.

Dare uku muka yi, muka sami take goma sha ɗaya. A ciki akwai tarin Kawu, akwai jaki da ya yi kuka a na huɗu, akwai inda fatar kiɗin ta suɓuce ya ce "af" ya ci gaba. Ban bari an goge ko ɗaya ba. Da muka sa masa abin ji a kunne, ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ni kuwa gabana na faɗuwa, ina jiran ya sake tambayar wane ne. Can sai ya ɗago a fusace ya ce, "Tsirkiyar ƙasa ta saki a nan, kuna zaune ba wanda ya gaya min?"

Daga baya Kofa ya roƙi a bar shi ya bi da take ɗaya ta cikin akwatinsa na sifirin. Kawu ya ji ya yi dariya har da hawaye, ya ce yaron nan ya jefa shi rijiya. Ni dai, a bar ni da Allah, wannan ɗin ma yana min daɗi, nakan kunna shi in ina rubutun dare.

Akwai take na goma sha biyu, na mahaifinsa, wato kakana. Ya ce wannan ba a kaɗa shi a gajiye, in bari sai gobe. Goben kuwa mai buga min littafi ya kira daga Kano, wai in ban zo na duba bango ba za a ɗage aikina. Na ce wa Kawu mako mai zuwa. Mako ya zama wata, Kofa ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, damina ta shigo fata ta saki muka ce sai rani. A cikin daminar 2023 ɗin ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya tafi. Yana nan da ransa, yana magana a hankali, garayar na rataye a zaure. Na taɓa roƙonsa ya yi min taken da baki, ya gwada, ya girgiza kai.

Watan jiya da na je dubiya, Malam ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba ba. Sai da na tayar da babur ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, in tura masa abin nan na Baba a wayarsa, wai tsohon ba ya barci sai an kunna masa. Na ce ai na sa wa Kawu a memori tun bara, yana cikin rediyonsa. Ya ce ya sani, in dai tura.