Iyakar Ƙanƙara, Iyakar Rairayi

Ba a tsammanin tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, za su dami ma'aikacin kamfanin jimar fatu a Challawa. Ni kam sun dame ni, kuma kogi ne sanadi.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe tsibiran nan har da tekun Barents da ke gabashinsu. Ba wanda ya gani ya rubuta. Masana sun gano iyakarta ne daga abin da ta bari: nauyinta ya danne ƙasa, da ta narke sai ƙasar ta riƙa tasowa sannu a hankali, har yau ana tsintar ƙasusuwan manyan dabbobin teku a tsofaffin gaɓoɓin da suka koma tudu.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne rabonmu a wannan zamani. Da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya, teku ya sauka da kusan mita 120, damina ta yi rauni, hamada ta gangaro kudu. Iska ta jera tuddan rairayi a ƙasar Hausa, waɗanda masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana a 1958. Mu dai tun kaka da kakanni jigayi muke ce musu, kuma daga gare su jihar da aka cire daga Kano a 1991 ta sami suna.

Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Idan ya isa cikin jigayin nan sai gudunsa ya mutu, ya rarrabu, ya kwanta a fadamu. Abin da ya ɗauko kuwa, nan yake sauke shi. Na san abin da yake ɗaukowa, domin da sinadarin kuromiyam muke jima, kuma magudanar Sharaɗa ma nan take ƙarewa. Ta Bompai ce kawai ke bin Jakara.

Mahaifina yana noman shinkafa a wata fadama tsakanin jigayi biyu, gabas da Haɗeja. Da kuɗin fatu nake saya masa taki. Duk ranar da za a buɗe magudanar kamfaninmu, ni ne mai rubuta lokacin a littafi.