Daga Agadas zuwa Bilma: kayan da mota ke ɗauka

Gabas da Agadas akwai hamadar Tenere. Daga Agadas zuwa Bilma ya kusa kilomita 600. Babu gudron, babu gona. Rijiyoyi kaɗan ne, tsakaninsu kuma da nisa. Tun kaka da kakanni Abzinawa ke ratsa ta da ayarin raƙuma. Suna kai hatsi Fashi da Bilma, su komo da gishiri da dabino.

A shekarun 1970 da 1980 wasu baƙi sun yawaita a Agadas. Anasara ne masu yawon buɗe ido. Suna fitowa daga Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit. Wasu da Land Rover ko Toyota, wasu da mota mai ɗaki a ciki: ga gado, ga murhu, ga akwatin sanyi. A ƙasarsu irin wannan mota tana da daɗi, don akwai wuraren sauka masu famfo da lantarki. Amma tana da nauyi, cikinta kuma kusa da ƙasa yake. In ta shiga rairayi mai taushi, sai ta kafe. Saboda haka mai son ganin Tenere yakan aje ta a gari, ya nemi mota mai ja da ƙafa huɗu da madugu ɗan ƙasa.

Aikin madugu na farko shi ne duba kaya. Mota kamar raƙumi take, akwai iyakar abin da take ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido mai lita 20 ya fi kilo 20 ke nan. In mutum huɗu ne a mota, kowa na shan lita 5 ko fiye a wuni, to bido ɗaya bai wuce kwana guda ba. Ba a sa na dahuwa ba, ba a sa na injin mota ba. Kuma ba kwanakin tafiya kaɗai ake lissafawa ba. Ana ƙara na kwanakin da za a yi zaune in mota ta lalace. Ba a zuba ruwan duka wuri ɗaya: in tanki guda ya huje, shi ke nan. Ana raba shi bido-bido. Wasu direbobi kan rataya salka a jikin mota, iska na sanyaya ta.

Bayan ruwa sai mai. Cikin rairayi mota na shan isansi ko gazwal fiye da kan gudron ƙwarai, kuma babu mai saida shi tsakar hamada. Sannan taya biyu na canji, felu, igiya mai ƙarfi, da faffaɗan ƙarfe guda biyu da ake sawa ƙarƙashin taya in an kafe. Famfon iska ma dole ne, don kafin a hau tudun rairayi ana rage iskar taya ta yi faɗi kamar tafin raƙumi, in an fita wuri mai duwatsu a sake hura ta.

Abin da ya saura, shi ne na jin daɗi, kuma nan ake gardama. Baƙo na son tanti, tebur da kujeru. Madugu na cewa tabarma da katifa ƴar ƙarama sun isa. Amma bargo bai da gardama. A watan Disamba da Janairu, lokacin da baƙi suka fi zuwa, dare na da sanyi mai shiga ƙashi. Rawani ma ya fi hular baƙo amfani ranar iska. Wajen abinci, gari ya fi gwangwani sauƙin ɗauka: a kwaɓa shi, a bizne cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya zama tagalla.

Mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai. A 1983, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tseren Paris-Dakar wajen 40 a can, da jirgin sama aka neme su. Su suna da masu nema. A Oktoba 2013, arewa da Arlit, motocin wasu matafiya masu zuwa Aljeriya sun lalace. Ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan ƙasar Kance ne.

Bayan tawayen 2007 da sace Anasara a Arlit a 2010, baƙi sun yi ƙaranci a Agadas. Direbobin da ke bin hanyar yanzu suna riƙe da GPS da wayar Thuraya. Har yanzu suna tsayawa a rijiyar Iccen Tenere. Iccen kansa wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, aka kai gungumensa gidan tarihi na Yamai. Na ƙarfe ne tsaye a wurin.